Tattabaruna sun dawo Agege daga Shagamu: da gaske maganaɗisun ƙasa ne ya nuna musu hanya?

Garba Mai Tattabaru, Agege

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa. Ina da tambayar da ta hana ni sukuni tun watan jiya, kuma na san a cikinmu akwai waɗanda Allah ya hore wa ilimin da za su warware mini ita.

Shekara tara ke nan ina kiwon tattabaru a saman benen da nake haya a Agege. Wani abokina da ke zaune a Sabon Shagamu ya roƙe ni aure biyu, sai na kama masa manya waɗanda suka riga suka yi ƙyanƙyasa sau uku a wurina, na sa su a kwali, na huda 'yan ƙofofi don su sha iska, shi kuma ya tura kwalin ƙarƙashin kujerar mota. Ko rana ba su gani ba, balle hanya. Na gargaɗe shi da ya ɗaure musu fiffike ko ya bar su a rufe har su saba da gidan, amma da ya ga sun kwana biyar suna cin gero suna kuka yadda suka saba, sai ya buɗe musu. Washegari da hantsi na hau sama zan canza ruwa, sai na tarar da uku a kan kwanon rufi, har da baƙar macen nan mai farin wuya, tana ta kai da kawowa a bakin tukunyarta ta da, ta tarar wasu sun riga sun shige. Na huɗun bai iso ba har yau.

Tsakanin Shagamu da Agege ya haura kilomita 40 ko da tsuntsu ya miƙe sak. Ɗan yayana da ke sakandare ya ce wai akwai maganaɗisu a bakin tattabara, shi ne yake ja ta zuwa gida. Wani dattijo a masallacinmu ya ce ƙanshin gida suke bi. Ni dai na kasa gane yadda ƙasar da muke takawa za ta zama maganaɗisu alhali ban taɓa ganin ta fizge ƙusa daga hannun kafinta ba. Wanda ya san gaskiyar lamarin, don Allah ya yi mini bayani dalla-dalla.

Malam Sani, malamin kimiyya, Idi-Araba

Wa alaikumus salam, Malam Garba. Ɗan yayanka ya kama wani ɓangare na gaskiya, dattijon masallacinku ma bai faɗi a banza ba, sai dai kowannensu ya ɗauki ƙafa ɗaya ya ce ita ce dukan raƙumin.

Duniya maganaɗisu ce, babu tantama. Kimanin kilomita 2,900 a ƙarƙashin ƙafafunmu akwai narkakken ƙarfe wanda ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana ta juyawa saboda zafi da kuma juyin da duniya take yi, kuma wannan motsin ne yake haifar da ƙarfin maganaɗisun da ya lulluɓe duniya baki ɗaya. Dalilin da ya sa ba ya fizge ƙusa shi ne rauninsa. A doron ƙasa ƙarfinsa yana tsakanin maikirotesla 25 da 65 (maikirotesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne), mu nan Najeriya muna wajen 30 da 'yan kai, alhali ɗan maganaɗisun da ake mannawa a jikin firij ya ninka wannan kusan sau ɗari. Amma kai kanka kana amfani da shi duk lokacin da ka buɗe wayarka kana neman alƙibla. Daga Legas alƙibla tana wajen digiri 63 daga arewa idan ka karkata zuwa gabas, kuma wayar ba za ta iya nuna maka hakan ba sai ta fara gane inda arewa take. Ka lura da yadda kibiyar take rikicewa idan ka tsaya kusa da janareta, ko lasifikar masallaci, ko ginin da aka cika wa rodi, har sai ka yi ta kaɗa wayar a iska kafin ta dawo hayyacinta. Abin da ke da rauni haka, ƙarfe kaɗan ya isa ya danne shi.

An daɗe ana zargin tsuntsaye suna jin wannan ƙarfi, amma hujjar da ta gamsar da masana ta fito ne daga birnin Frankfurt na Jamus a shekarun 1960, a hannun Friedrich Merkel da ɗalibinsa Wolfgang Wiltschko. Sun yi aiki da wani ɗan tsuntsun Turai mai jan ƙirji da ake kira robin. Idan lokacin ƙaura ya yi, wannan tsuntsu ba ya barci da dare ko da a keji yake, sai ya yi ta tsalle yana fuskantar ɓangaren da 'yan'uwansa suke tafiya. Suka sa kejin a ɗaki rufaffe inda ba a ganin tauraro ko ɗaya, suka kewaye shi da naɗaɗɗiyar wayar lantarki wadda za ta iya juya arewar maganaɗisu ta koma wani gefe. Da suka juya ta, tsuntsayen suka juya tare da ita.

A 1972 Wiltschko da matarsa Roswitha suka gano abin da ya fi ba ni mamaki a duk wannan fanni, wato kamfas ɗin tsuntsu ba irin namu ba ne. Allurar kamfas tana bambance arewa da kudu. Tsuntsu kuwa kusurwa yake aunawa. Layukan maganaɗisu ba a kwance suke a ko'ina ba: a tsakiyar duniya, wato wajen layin ikwaita da ya raba ta arewa da kudu, suna kwance daidai da ƙasa, kana matsawa arewa ko kudu suna ƙara sunkuyawa suna nutsewa cikin ƙasa, har a ƙuryar duniya, wato can ƙarshen arewa ko kudu, su tsaya a tsaye kamar turke. A Frankfurt sunkuyon ya kai wajen digiri 66. Saboda haka abin da tsuntsu ya sani shi ne ɓangaren da layukan suka nutse, wato wajen ƙuryar duniya, da ɓangaren da suka ɗago, wato wajen tsakiyarta. Da suka kifar da sunkuyon kaɗai ba tare da taɓa arewar allura ba, tsuntsayen suka juya baya gaba ɗaya.

Game da tattabaru kuwa, gwajin da aka fi ambata shi ne na William Keeton na Jami'ar Cornell a Amurka, a 1971. Ya manna wa wasu ɗan sandan maganaɗisu a gadon baya, wasu kuma ya manna musu na tagulla mai nauyi iri ɗaya wanda ba ya jan ƙarfe, sannan ya sake su nesa da gida. Ranar da rana take haske, ƙwararrun tattabarun duka sun kama hanya. Ranar da hadari ya rufe sama ruf, masu tagulla sun nufi gida, masu maganaɗisu kuwa sun watsu. Ma'anar wannan ita ce tattabara da rana take fara aiki, maganaɗisu yana nan a ajiye ne don ranar da ranar ta ɓuya. An tabbatar da aikin rana ta wata hanya: idan aka rufe tattabaru a ɗaki aka riƙa kunna musu fitila ana kashewa har agogon jikinsu ya goce da awa shida, in an sake su sai su kauce wa hanyar gida da kusan digiri 90.

Maganar baki kuma, ka gaya wa ɗan yayanka cewa an daɗe ana koyar da haka, har littattafai suka ɗauka. Amma a 2012 wasu masana a birnin Biyana na Ostiriya suka yanka bakin tattabaru siriri-siriri suka duba, suka tarar ƙwayoyin nan masu ƙarfe da ake zaton jijiyoyin ji ne, ashe ƙwayoyin garkuwar jiki ne masu tattara ƙarfen tsohon jini, irinsu ma suna nan a saifa da fata. Ba a rufe batun baki gaba ɗaya ba, domin akwai wata jijiya da ta fito daga can wadda in an yanke ta wasu tsuntsaye sukan kasa gane inda suke, amma waccan tsohuwar hujja ta rushe.

Alhaji Ɗanjuma, dillalin shanu, Kara

Malam Sani, Allah ya ƙara basira, na karu ƙwarai. Garba ɗana, ka gode wa Allah da uku suka dawo.

Ni ban yi karatun boko mai zurfi ba, amma na haura shekara arba'in ina cikin dabbobi. Jikana ya taɓa nuna mini a waya cewa wai Turawa sun ce shanu suna fuskantar arewa idan suna kiwo ko suna kwance suna tuƙa. Na ce masa ni dai saniyar da na sani tana juya wa iska da ruwan sama baya, tana bin inuwa idan rana ta take, kuma tana fuskantar inda kwale-kwalen dusa yake. Ban ƙaryata su ba, amma ban gani ba.

Abin da na gani da idona shi ne shamuwa. A ƙauyenmu akwai tsamiyar da take sheƙa a kai tun ina yaro, tana zuwa gab da faɗuwar damina, ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe, ta tafi da kaka, kuma ba ta taɓa ɓatan bishiyar nan ba. A nan Legas ma duk wanda yake zuwa abbatuwa ya san shirwa tana cika sama da rani, damina na kankama sai ta ragu.

To, ga inda bayaninka bai kai ni ba, Malam. Ka ce tsuntsu yana da kamfas. Na yarda. Amma in aka ɗaure mini ido aka sa ni a mota aka ajiye ni a wani daji, aka miƙa mini kamfas, zai nuna mini arewa, ba zai gaya mini ko Kara tana gabana ko tana bayana ba. Tattabarun Garba a kwali suka tafi. Wa ya gaya musu Agege tana yamma da su?

Malama Hadiza, Ajah

Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Tambayar nan da kuka yi ita ce ainihin inda gizo yake saƙa, kuma masana sun fi shekara saba'in suna kokawa da ita. Wani Bajamushe mai suna Gustav Kramer ne ya fara raba aikin gida biyu a shekarun 1950, ya ce dabba tana buƙatar taswira da za ta gaya mata inda take, sannan kamfas da zai riƙe mata hanya. Duk abin da Malam Sani ya kawo kamfas ne.

An ga bambancin a fili a wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 1958. Wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Perdeck ya kama tsuntsaye sama da 11,000 suna kan hanyar ƙaura, ya sa musu zobe a ƙafa, ya kai su Suwizalan ya saki. Ƙananan da ba su taɓa yin tafiyar ba suka ci gaba da bin kusurwar da aka haife su da ita, suka ƙare a kudancin Faransa da Sifaniya, inda ba nan ne masaukin kakanninsu ba. Manyan kuwa suka gyara hanya suka nufi inda suka saba sauka. Kamfas gado ne, taswira kuwa sai an yi yawo ake samun ta, a wajen tsuntsaye dai.

Ni abin da na karanta a jami'a halittun ruwa ne, kuma a can ne hujjar taswirar maganaɗisu ta fi ƙarfi. Mutane da yawa ba su san kunkurun teku yana fitowa gaɓar Legas ya yi ƙwai ba. Na taɓa bin masunta da asuba a wajen Ibeju-Lekki, muka tarar da sawu a kan yashi kamar na tayar tarakta, ya fito daga ruwa ya haura tudu ya koma, a ƙarshensa kuma ga wurin da uwar ta tona ta binne ƙwan ta baje yashi a kai. Uwar ba ta zama ta ga 'ya'yan. Suna ƙyanƙyashewa, kowanne bai cika tafin hannu ba, sai su ruga cikin teku ba mai nuna musu hanya.

Kenneth Lohmann da abokan aikinsa a Jami'ar Carolina ta Arewa sun ɗauki irin waɗannan jarirai daga gaɓar Florida, suka sa musu 'yar riga mai igiya, suka jefa su a baho da aka kewaye da wayar lantarki. Da suka kwaikwayi maganaɗisun da ake samu a tekun da ke kusa da Fotugal, jariran suka yi iyo zuwa kudu, wanda shi ne abin da zai hana igiyar ruwa ta kwashe su zuwa ruwan sanyi mai kisa. Da suka kwaikwayi na kudancin zagayen da suke yi a Tekun Atilantika, suka juya zuwa yamma maso arewa, wato hanyar komawa gida. Waɗannan halittu ba su taɓa shiga teku ba. An buga wannan a 2001. Abin da suke karantawa abu biyu ne, ƙarfin maganaɗisun da kuma sunkuyonsa, kuma tunda kowanne yana canzawa daga wuri zuwa wuri, haɗuwarsu tana zama kamar adireshi. Daga baya an sami alamar cewa uwar tana komawa gaɓar da aka ƙyanƙyashe ta ne da wannan adireshin, domin a Florida an ga inda maganaɗisun ya ɗan gusa cikin shekaru, ramukan ƙwan ma sun gusa tare da shi.

Sai dai zan ɗan saɓa wa masu ɗora komai a kan maganaɗisu idan aka zo ga tattabarun Malam Garba. Kunkuru dubban kilomita yake tafiya, inda bambancin yake da girma. A tazarar kilomita 40 bambancin ƙanƙani ne ƙwarai. A nan ne maganar dattijon masallaci take da nauyi. Tun farkon shekarun 1970 Floriano Papi na Jami'ar Pisa a Italiya ya nuna cewa tattabarar da aka kashe wa jin ƙanshi takan kasa gane ɓangaren gida idan aka sake ta a baƙon wuri. Ba ƙanshin ɗakinta take shaƙowa daga nesa ba. Tun tana ƙarama a saman rufi take koyon cewa iskar da ta taso daga wannan gefe tana zuwa da wari kaza, ta wancan gefe da ƙanshi kaza, sai in ta tsinci kanta inda ɗayan ya yi yawa ta gane gefen da aka kai ta. Ku ɗauki Agege: iskar kudu daga teku take, ta arewa daga daji da gonakin Ogun. Idan kuma ta shigo yankin da ta sani, ido ne yake karɓar aiki. A Oxford ta Ingila an ɗaura wa tattabaru na'urar bin sawu aka ga wasu suna bin manyan tituna, har suna karya kwana a mahaɗa. Ba zan yi mamaki ba in naka sun ɗan bi titin Ibadan, Malam Garba, ko da yake wannan hasashena ne kawai.

Batun shanu kuma, Baba, ba ku kaɗai kuke shakka ba. A 2008 Sabine Begall da Hynek Burda suka duba hotunan Google Earth na shanu 8,510 a makiyaya 308, suka ce yawancinsu sun daidaita jikinsu tsakanin arewa da kudu. Bayan shekara uku wasu masana a ƙasar Cek suka sake irin wannan ƙidaya ba su sami haka ba, aka yi ta musayar raddi. Ni ba na sa wannan a sahu ɗaya da aikin kunkuru.

Garba Mai Tattabaru, Agege

Na gode, Malam Sani, na gode Malama, Allah ya saka da alheri. Baba Alhaji, kun tambayi abin da yake raina na kasa furtawa.

Tunda an ce ƙarfe da lantarki suna rikita wannan abu, bari in fito da abin da ya fi damuna. An kafa ƙarfen sabis na waya layi biyu daga gidanmu, kuma tun daga lokacin na rasa tattabaru shida, sun fita shawagi da safe ba su dawo ba. Masu kiwo da yawa a unguwarmu sun haƙiƙance cewa ƙarfen ne yake juya musu kai. Shin akwai ƙamshin gaskiya a ciki?

Injiniya Bashir, Obalende

Malam Garba, gyaran irin waɗannan na'urori ne sana'ata, saboda haka kana da damar ka ce ina kare tukunyar tuwona. Amma ga abin da aka auna.

Gaskiya ne hayaniyar lantarki tana iya makantar da kamfas ɗin tsuntsu. Henrik Mouritsen na Jami'ar Oldenburg a Jamus ya yi shekaru yana mamakin yadda tsuntsayen robin suke kasa kama hanya a bukkokin katako da ke harabar jami'ar, alhali a ƙauye suna kamawa. Da aka lulluɓe bukkokin da farantan alminiyam aka haɗa su da ƙasa da waya, tsuntsayen suka dawo daidai. Da aka cire wayar, suka sake rikicewa. Sun yi shekara bakwai suna maimaita gwajin, ta yadda ko ɗaliban da suke auna tsuntsayen ba su san ranar da aka haɗa wayar ba, kafin su buga shi a 2014. Amma zangon da ya yi ɓarnar shi ne daga kilohaz 50 zuwa megahaz 5 (bugu dubu 50 zuwa miliyan 5 a daƙiƙa), wato yankin rediyo mai matsakaicin zango da kuma ƙarar da kayan lantarki suke fitarwa. Wayar salula tana aiki ne a megahaz 900 da 1,800 da makamantansu, nesa ƙwarai da wancan. Ƙungiyar ta ci gaba da hawa sama tana gwadawa, ta tarar cewa a megahaz 140 zuwa 150 tsuntsayen ba su damu ba. Wutar gida ma, mai bugawa sau 50 a daƙiƙa, ba ta cikin zangon.

Dalilin da ya sa rediyo mai rauni haka yake tasiri shi ne ya sa masana da dama suka karkata ga cewa kamfas ɗin a ido yake. Akwai wani furotin a cikin idon tsuntsu da ake kira kiriftokurom. Idan shuɗin haske ya faɗa masa, ilektaron, wato ƙwayar zarra mai ɗauke da lantarki, yakan yi tsalle daga wani sashe zuwa wani, a sami guda biyu da suka rabu amma juyinsu yana ɗaure da juna na ɗan ƙanƙanin lokaci, kuma kusurwar maganaɗisun ƙasa tana shafar yadda za su ƙare. Klaus Schulten ne ya kawo tushen wannan tunani a 1978, aka yi ta kallonsa kamar mafarki. Amma an ga tsuntsaye suna kama hanya a shuɗin haske da kore, suna rikicewa a ja, kuma a 2021 aka ciro irin wannan furotin na robin aka nuna a kwalba cewa maganaɗisu yana canza aikinsa, har ya fi na kaza da na tattabara ji. Abin da ya rage shi ne a nuna hakan a cikin idon tsuntsu mai rai.

Ka lura kuma duk wannan a kan ƙananan tsuntsaye masu tafiyar dare aka yi shi. Tattabarar da take shawagi da safe a saman unguwar da aka haife ta tana ganin hasumiyar masallaci da layin dogo da rufin gidanku, ba ta buƙatar kamfas. Da ni ne, da shaho zan fara tuhuma, sai kyanwa, sai kuma maƙwabcin da garkensa ya fi naka yawa, domin kai ma ka san yadda babban garke yake janye ƙaramin.

Malam Sani, Idi-Araba

Malama Hadiza ta cike giɓin da na bari, kuma na karɓi gyaranta. Zan ƙara abu ɗaya da ya shafe mu kai tsaye, wanda ban cika jin ana faɗa ba.

Na ce a tsakiyar duniya layukan maganaɗisu a kwance suke. To, wannan tsakiyar ta maganaɗisu ba ta dace da layin ikwaita na taswira ba. A yankinmu ta hauro sama ta ratsa arewacin Najeriya, ta yadda Legas, ko da yake tana arewa da ikwaita da digiri shida da rabi, a lissafin maganaɗisu tana kudanci ne. Duk wanda ya hau mota daga Kano zuwa Legas ya tsallake wannan layi bai sani ba. Ga tsuntsu kuwa babban al'amari ne, domin kamfas ɗin da ya dogara da sunkuyo ba ya cewa komai a inda babu sunkuyo, kuma bayan an tsallake, umarnin da ya kawo shi daga Turai, wato ya nufi inda layukan suke ɗagowa, zai mayar da shi baya ne in ya ci gaba da binsa.

Miliyoyin tsuntsaye suna yin wannan tsallakawa kowace shekara, suna zuwa cin rani kamar yadda da yawanmu muka zo Legas. Tsattsewar da take kwana a ciyayin Boje a jihar Kuros Riba daga Turai take. A 1992 Wiltschko da matarsa suka gwada wani ɗan tsuntsu mai launin ƙasa da yake haihuwa a Turai yana cin rani a kudu da Sahara. Suka ajiye shi na ɗan lokaci a maganaɗisun da yake kwance, kamar ya iso tsakiyar duniya, sannan suka mayar da shi na Jamus. Sai ya juya alƙiblarsa, ya fara nufar inda layukan suke nutsewa. Wato kwanciyar layukan ita kanta alama ce da take gaya masa ya sauya umarni. A wurin tsallakawar kuma yana da taurari da mafaɗar rana da zai riƙe hanya da su. Akwai wani gwajin a Suwidin a 2001, inda aka kwaikwaya wa wasu ƙananan tsuntsaye maganaɗisun arewacin Masar suna cikin keji, sai suka dage da ci suna tara kitse kamar masu shirin ƙetare hamada.

Wannan layi yana da wata ɗabi'a kuma. Da rana akwai igiyar lantarki da take gudana a sararin sama, kimanin kilomita 100 a bisa kanmu, tana bin layin daga yamma zuwa gabas, kuma tana sa ƙarfin maganaɗisun ƙasa ya hau ya sauka tsakanin safiya da yamma fiye da yadda yake yi a Turai. Wannan ya ƙara mini yarda da Malama cewa a tazarar Shagamu da Agege da wuya taswirar maganaɗisu ta yi aiki, tunda canjin da yini ɗaya yake kawowa zai iya kaiwa ko ya wuce bambancin da ke tsakanin garuruwan biyu. Kusan duk gwaje-gwajen da muka ambata a Turai da Amurka aka yi su, inda sunkuyon yake da yawa. Da ina da ɗalibai masu ƙwazo da mai kiwo irinka, Malam Garba, da mun riƙa sakin tattabaru daga Badagry da Ikorodu da Ota, muna rubuta ranar, da yanayin sama, da ɓangaren da suka ɓace wa gani, da lokacin da suka sauka.

Garba Mai Tattabaru, Agege

Malam Sani, ƙofata a buɗe take, ka zo da ɗaliban ranar Asabar ɗin da ta yi maka, amma ka zo da littafin rubutun da kanka. Injiniya, akwai maƙwabcin da ya ƙara garke a bara, zan leƙa rufinsa da idon basira. Abokina na Shagamu kuwa na riga na ware masa 'yan shila huɗu waɗanda ba su taɓa tashi sama ba, jibi zai zo ya ɗauka.